Saƙon da Na Ɗauko daga Tsibiri

Ni ne mutum na farko a unguwarmu da ya tsallaka teku ba don aikin Hajji ba, ba don fatauci ba, sai don kashe ƙwarƙwatar ido kawai. Na yi shekaru ina cika baki da wannan tafiya a majalisa. Da an kawo zancen ƙasashe sai in gyara zama, in soma da dutsen nan da ba a ganin kansa don gajimare, in gangaro kan baƙin rairayi, in ƙare da wani kifi da kowace shekara yake ƙara tsawo a bakina. Amma akwai yanki guda na labarin da ban taɓa kaiwa majalisa ba, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami yau.

A lokacin ina aikin malamin gona, ƴan shekaru kaɗan bayan samun ƴancin kai. Ina da keke, da hular kwano, da wata igiya mai ƙulli-ƙulli ta auna tazarar shuka. Da su nake zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ina koya wa mutanen da suka girmi ubana yadda ake noman auduga. Su kuwa su saurare ni da ladabi, su ce madalla, ina ba da baya su koma yadda suka saba.

Ina da aboki Banufe mai sayar da takalma da jakunkunan fata. Yakan kai kayansa har Kalaba, daga can ya shiga jirgin ruwa zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku, inda wasu Turawa da ba Ingilishi ba suke mulki suna noman koko. Ba kokon da muke sha da ƙosai ba, itacen nan da ake kai ƴaƴansa Turai. Kowa ya san tsakanin Banufe da Bakatsine ba a raga wa juna. Kullum muka haɗu sai ya kira ni bawansa, wanda bai san ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba. Wata rana a tsakiyar kasuwa ya ce idan na ga teku sai na jiƙa wandona, mutane suka yi ta dariya, ni kuwa na rantse sai na bi shi. Da aka tashi kasuwar auduga na nemi hutun wata guda aka ba ni. Na yi takardun tafiya, na ɗinka fararen kaya, na sayi farin takalmi.

Magana ba ta ɓuya a ƙauye. Saura kwana uku in tashi, wani tsoho Bamaguje ya aiko a kira ni. Gidansa yana wata ƴar unguwar Maguzawa bayan Maska. Na san shi sosai, don shi kaɗai ne a yankin yake gaya mini gaskiya a kan igiyata. Ya ce igiya ba ta san inda ƙasa ta gaji ba. Na ji haushi ranar, amma daga baya na ga gonarsa na yi shiru.

Babban ɗansa ne ya tafi cin rani, damina uku ke nan bai dawo ba. An fara jin ɗuriyarsa a kudu wajen aikin hanya, daga baya wani ya ce ya ga sanda ya dangwala yatsa a takarda aka sa shi a jirgi zuwa tsibirin nan. Ya bar mata da ɗa namiji da ciki. Cikin ne ya zama wata ƴar yarinya mai ƙiriniya, wadda duk sanda na jingine kekena sai ta yi ɗage ta kama ƙararrawar, ta yi ta kaɗawa har sai uwarta ta janye ta.

A gidajen manoma da yawa na wancan zamani, idan an gama kaka magidanci zai tafi cin rani, yakan zuba dawar gayaunarsa, wato ƴar gonarsa ta ƙashin kansa ban da gandun gida, a rumbunsa na laka. Ya liƙe bakin da hannunsa, ya kifa masa jinka. Iyalinsa su ci daga rumbun gandu har ruwan farko ya sauka, ya dawo ya fasa nasa, a ci a sami ƙarfin noma. Tsohon nan ya fi kowa riƙo da wannan. A wurinsa wanda ya liƙe shi ne ke fasawa. Idan wani ya fasa, to ko mai shi ya ba da izini da bakinsa, ko an fid da rai an sa shi cikin matattu. Saboda haka rumbun ɗansa ya yi damina uku a tsaye a tsakar gida, cike fal, yana sake masa jinka duk shekara, alhali rumbun gandu yana ɗauke da baki uku da babu mai yi musu noma. Kakar da ta wuce kuma ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fid da kai.

Muka zauna a gindin rumbun. Bai yi dogon zance ba.

"Malam, saƙona gajere ne. In shina zuwa, rumbu shina jiranshi. In ba shi zuwa, shi faɗa maka da bakinshi, mu fasa. Ɗiyan nan sun soma ramewa."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai kamar an yi an gama. Matar ɗan ta aiko da tsaraba daga bayan zana: kuka, da daddawa, da ɗan garin dawa a ƙunshe. Na zuba su a wata jakar fata, na ɗaure bakin tamau yadda iska ba za ta shiga ba. A ƙasarmu abin da ka rufe da kyau shi ne yake daɗewa.

Ba zan gajiyar da kowa da labarin jirgin ƙasa ba. Mun yi kwanaki muna gangarawa, ciyawa tana ƙara tsawo, sama tana ƙara kusantowa, har muka sauka muka shiga mota, daga mota muka shiga kwalekwale mai inji zuwa Kalaba. Teku kuwa, gaskiya ɗaya ce, Banufe ya ci ni. Wandona dai bai jiƙe ba, amma duk abin da na ci tun daga Funtuwa sai da na mayar wa kifaye. Yana tsaye a kaina yana cin gyaɗa yana tambayata ko a kira mini uwata. A ƙasan jirgin akwai samari fiye da ɗari zaune a kan ƙullin kayansu, kowa da lamba a takarda, masu zuwa aikin koko. Na leƙa su sau ɗaya na koma sama wurin iska.

Da hantsi muka hango tsibirin. Wani irin dutse ne ya taso daga cikin ruwa, kore shar daga gindi har inda gajimare ya haɗiye shi. Ni da na girma inda ake kiran tudun da akuya ke hawa dutse, sai na yi ta ɗaga kai ina neman ƙarshensa. Garin yana kan gaɓa, fari tas, da gidaje masu baranda, da wata majami'a mai hasumiya biyu, da tituna da ake sharewa tun da asuba. Rairayin bakin ruwa baƙi ne kamar an barbaɗa gawayi. Na ɗebi kaɗan a kwalba don kada a ƙaryata ni a gida.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mun sauka a wata unguwa ta bayan gari inda baƙi suke, a ɗakin wani tela. Da safe abokina ya tafi wurin masu sayen kayansa, ni kuwa in sa fararen kayana in shiga gari. Na ci ayaba iri huɗu. Na sha ruwan kwakwa a cikin kwakwar. Na tsaya a bakin tashar jiragen ruwa na yi rabin yini ina kallon yadda ƙugiya ke ɗaga buhuna sama kamar ba kaya ba. Na biya wani mai hoto ya ɗauke ni na dafa itacen kwakwa, ƙafa ɗaya a kan dutse, har yau hoton yana nan, kuma duk sanda na dube shi nakan ji kamar in mari mai farin takalmin nan. Turawan wurin ba sa amsa gaisuwa. Akwai layin da idan baƙar fata ya bi da yamma ɗan sanda zai tambaye shi takarda, sai in fiddo tawa da taƙama, don ni baƙo ne mai yawon buɗe ido, ba lebura ba.

Idon malamin gona bai bar ni na huta ba. Ƙasar wurin baƙa ce, mai maiƙo, ko sanda ka kafa sai ta yi toho. Ruwa kuwa ba ya sallama kafin ya zo. Babu gajimaren gabas, babu iskar da ke tashi kafin hadari, babu wanda ke fitowa ya ɗaga kai sama. Sai dai kawai ka ji shi a kanka, ya ɗauke, rana ta fito, ƙasa ta yi ta tururi. Kwana biyar ina jin akwai abin da ya ɓace a garin ban gane ko mene ne ba, sai a rana ta shida na gano. Babu rumbu. Na duba bayan gidaje, na duba ƙauyukan da muka ratsa, ko ɗaya ban gani ba. Na tambayi telan, ya yi dariya ya ce me za a ajiye, a nan abin da ka ajiye na fumfuna ne. Abin ya tsaya mini a rai, amma ko a lokacin ban tuna da jakar da ke ƙarƙashin gadona ba.

Saƙon tsoho kuwa kullum ina cewa gobe. Ranar da na yi niyya sai aka ce za a kai mu mu ga wani tafki a kan dutse. Washegari kuma ƙafata ta yi ciwo. Sai da ya rage kwana uku jirginmu ya tashi, abokina ya ajiye wasa ya ce mini, da bakin da ban saba ji ba, amanar mutane fa ba ayaba ce da za ta nuna da kanta ba. Shi ya kai ni wurin sarkin Hausawan tsibirin, wani dattijo mahauci da ya fi shekara ashirin a can. Ina kwatanta masa zanen fuskar ɗan tsohon ya ce ya gane shi, Bamagujen nan mai gyambo, yana wata gonar koko can sama, kuma sai ranar Lahadi ake barin baƙo ya shiga.

Ranar Asabar na jawo jakar tsaraba. Tun kafin in kwance na ga fatar ta yi kore. Kukar ta dunƙule ta zama dutse, daddawar ta yi gashi fari, garin ya yi tsami yana motsi. Abokina kullum sai ya baza kayansa a iska ya goge su da tsumma, ina kallonsa ina ce masa mai son wahala. Na zubar da komai a kwata, na wanke jakar, na sayi burodi biyu da kifin gwangwani na zuba a ciki. Farin takalmina ma da na juya shi, ya yi tabon da bai taɓa fita ba.

Motar da ta kai ni ta yi ta hawa har kunnuwana suka toshe. Gonar koko ba gona ba ce yadda muka san gona. Duhu ne da tsakar rana, itatuwa a ƙarƙashin itatuwa, ruwa yana ɗiga ko ba a ruwa, ga wani wari mai tsami da ke fitowa daga inda ake tara ƴaƴan. A tsakiya aka share fili aka jera dogayen ɗakunan kwano. Aka nuna mini na ƙarshe.

Na san mutumin nan a wurin gayya. Idan ya kama garma, makaɗa kansa suke komawa, don yakan kai ƙarshen kunya ya juyo ya tarar da sauran a tsakiya. Wanda na samu zaune a kan katako a ƙofar ɗaki, sai da ya yi magana na yarda shi ne. Wuyansa ya yi tsawo, gashinsa ya yi ja, ƙafarsa ta hagu tana naɗe da ganyen ayaba da tsumma. Ya yi yunƙurin durƙusawa ya gaishe ni, na riƙe shi. Ya ce adda ce ta sare shi a shekararsa ta farko, a nan kuma ciwo ba ya bushewa. An cire shi daga sara, yanzu juya koko yake yi a ɗakin shanya. Sau biyu wa'adin aikinsa yana cika, sau biyu yana sake dangwala yatsa, yana jiran ƙafar ta warke, don bai ga yadda zai shiga gidan ubansa da sanda ba.

Na miƙa masa jakar. Ya dubi burodin, ya dube ni, na gaya masa gaskiyar abin da ya faru da tsarabar matarsa. Ya juye burodin da gwangwanin a kan katako, ya buɗe bakin jakar ya cusa fuskarsa ciki, ya daɗe a haka. Duk wankin da na yi mata, warin daddawa bai fita ba. Ya roƙe ni in bar masa ita.

Daga nan ya shiga tambaya. Wace gona aka bari ta huta. Ko an sake haƙa rijiyar da ta rufta. Ko ƙanensa ya iya huɗa yanzu. Ya ce abin da ya fi damunsa a nan shi ne mutum ba ya sanin lokaci, don babu ruwan farko da zai ce maka tashi ka tafi gida, kullum cikin damina ake. Sai can ya tambayi abin da matarsa ta haifa. Damina uku bai sani ba. Na ce mace, tana gudu ko'ina, kuma ta addabi ƙararrawar kekena. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sannan na isar da saƙon ubansa yadda aka ba ni. Ya sunkuyar da kai ya yi ta kallon ƙasa.

"Ba su fasa ba? Har yanzu?"

Na ce ba su fasa ba, jinkar ma sabuwa ce.

"Ka ce wa Baba shi fasa. Ka ce ni na ce da bakina. Su ci, kada su jira ni."

Na soma irin maganar da ake yi, cewa Allah ke da sauƙi, kuma jirgi kullum yana zuwa. Sai ya sa hannu ya ɗaga ganyen ayabar. Ba zan rubuta abin da na gani ba.

"Kai mai ilimi ne, Malam. Wannan ƙafar mai zuwa Maska ce?"

Ya sa na maimaita saƙon sau uku, kamar yaro a gaban allo, har ya tabbata ban canja ko kalma ɗaya ba. Ya rako ni da ido har na shiga mota, jakar tana kan cinyarsa. Ganin ƙarshe ke nan da na yi masa, kuma ban ji wanda ya sake ganinsa ba.

A jirgin ƙasa, tun daga kudu har Zariya, ina bitar yadda zan faɗa. Na dawo na tarar da bazara ta kankama, ƙasa ta yi fari, shanu sun zama ƙashi. Kwana biyu na yi ina karɓar masu sannu da zuwa, ina nuna musu kwalbar rairayi. Rana ta uku na hau keke na nufi bayan Maska.

Ban yi zaton zan tarar da taro ba. Yara sun hango hular kwanona tun daga nesa, kafin in iso unguwar duk ta fito. Mata suna guɗa. Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin rumbun nan, aka kawo ruwa, maza suka kewaye ni. Matar ɗan tana tsaye a bakin zana, yarinyar tana kan kwankwasonta, wuyanta ya sirance amma idonta yana kan kekena.

A wurinmu ba a sauke mugun labari a tsakiyar taro, ƙurar hanya tana ƙafarka, mata suna ji. Akan sha ruwa, a gaisa, a ce kowa lafiya, sannan a ja babba gefe. Haka aka koya mini, haka kuma na yi niyya. Tsohon ya tambaya ko na same shi, na ce na same shi. Ya tambaya ko yana lafiya, na ce lafiya lau, don ko gawa ka baro amsar ke nan. Ina jira ya sallami mutane. Sai ya matso, ya tambaye ni a gaban kowa.

"Shina zuwa?"

Na dubi tsohon, na dubi matar. Na ji bakina ya ce, "Yana nan tafe, Baba, da yardar Allah."

Guɗa ta sake tashi. Tsohon ya miƙe kamar saurayi, ya je ya dafa cikin rumbun ya bubbuga shi, ya ce da ma ya sani. Ya sa aka kamo jan zakara aka ɗaure ƙafafunsa a kan kekena, tukwicin albishir. Na ce a raina bari hayaniya ta lafa in ja shi gefe, amma magana zarar bunu ce. Yaya zan ja mutum gefe in ƙwace abin da na ba shi a gaban unguwa? Na ce zan dawo ranar kasuwa idan ya huce. Zakaran kuwa matata ta yi farfesunsa da yamma, na ci, kuma ya yi daɗi.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Aka tura ni wajen Musawa rabon irin auduga. Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, da ya zo kuma ya yi wasa da mutane, aka yi shuka sau biyu tana ƙonewa. Ina da aiki, wannan gaskiya ne. Amma sau biyu ina wuce mararrabar da ke shiga unguwarsu, ina kau da kai ina ƙara taka feda. Na samo wa kaina hujjoji masu kyau. Na ce tsohon manomi ne, ya fi ni sanin yunwa, idan tura ta kai bango zai fasa da kansa. Na ce wataƙila ma ƙafar ta warke, mutumin ya iso, in zama ban yi ƙarya ba. Tsoro ne kawai da kunya, ba wani abu ba. Ina tsoron fuskar tsohon, ina kunyar a ce malamin gona mai hular kwano ya yi ƙarya a gaban mata.

Sai cikin marka na je, lokacin da gero bai nuna ba, rumbuna kuma sun ƙare. Hanya ta yi taɓo, tura keken na yi ta yi. Gidan shiru. Na jingine keken a inda na saba, ba wanda ya taɓa ƙararrawa.

Matar tsohon ce ta gaya mini, tana tsinkar ganyen tafasa ba ta ɗago ba. Ta ce da aka ga ƙasan rumbun gandu, surukarsu ta roƙi a fasa na mijinta, tsoho ya ce ai malam ya gan shi da idonsa, yana kan hanya, ba za a binne mutum yana tafe ba. Sai ta kwashi ƴaƴanta ta tafi wurin wanta wajen Dandume. Can ma ba a fi nan ba, dusa da ganye ake ci. Namijin ya jure. Yarinyar ƙafafunta suka kumbura, zawo ya kama ta. Kwana goma sha biyu ke nan da binne ta.

Tsohon ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya yi mini maraba, har yana tambaya ko na sami wani sabon labari. A wannan karon babu taro, babu mata, babu abin da zan fake da shi. Na durƙusa na faɗa masa. Ya ce in maimaita yadda ɗansa ya faɗa, kada in ƙara kada in rage. Na maimaita. Kalmomin suna nan a bakina daram, ai sau uku aka biya mini.

"Yaushe ya ba ka wannan saƙon?"

"Tun a can, Baba."

"Tun kafin zuwanka na bazara?"

Na ce i.

Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga fartanyar nan. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ajiye ta, ya kira ƙaramin ɗansa ya kawo tsani, ya hau da kansa ya sauke jinkar, ya sa ƙotar gatari ya fasa lakar. Ina tsaye a ƙasa, kuma Allah ya gafarta mini, addu'a nake yi a tarar ƙwari sun cinye, a tarar gara ta mai da ita ƙasa, don in ce ko da na faɗa tun farko ba abin da zai canja.

Ya zura hannu ya jawo dami na farko ya miƙo ƙasa. Kaura ce, jawur, an barbaɗe ta da toka, an jera ta kai da kai yadda mai ita ya saba aikinsa. Ƙaramin ɗan ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannu ya hura. Ko ƙwaro ɗaya babu. Suka yi ta saukewa, dami bayan dami, har tsakar gidan ta cika da ƙamshin hatsi, tsohuwar ta ja zane ta rufe fuskarta.

Tsohon ya ware dami huɗu ya ce a kai Dandume tun yau, saboda yaron. Sannan ya ɗauki ɗaya ya nufi kekena. Na ce a'a, Baba, don Allah. Na riƙe masa hannu.

"Tukwicinka ne, Malam. Ka kawo saƙo. Ba a taɓa sallamar ɗan aike hannu wofi a gidan nan ba."

Ya ɗora damin a bayan keken. Ya duba bai ga abin ɗauri ba, sai ya kwance igiyata mai ƙulli-ƙulli daga jikin sirdi, ya ɗaure da ita, ya ja ya gwada ya ga ba zai faɗi ba. Ya ce in gaida gida.

Ban iya hawa ba. Na tura keken tun daga ƙofar gidan har bakin titi, dawar tana kaɗawa a bayana, duk wanda na gamu da shi a hanya sai ya tsaya ya dubi damin, ya ce malam ya yi sa'a, a ina ya samo hatsi mai kyau haka a wannan lokaci.